Yadda Malami Zai Ɗaga Makarantar da Ta Durƙushe da Waya, Lasifika da Sola

Tambayar da malamai suka fi aiko mini kusan iri ɗaya ce: makarantarmu ta gwamnati ce, babu wuta, littattafai sun yi ƙaranci, yara sun kai aji biyar ba sa iya haɗa baƙi, ta ina zan fara da kayan zamanin nan? Wasu kuma nasu tambayar ita ce nawa za a kashe. A jihar Edo gwamnati ce ta raba wa malamai kwamfutar hannu tun 2018 a shirin EdoBEST, Legas da Kwara suka bi sahu da nasu. Idan jiharka ba ta yi haka ba, ga hanyar da malami ɗaya zai bi da abin da ke aljihunsa. A bi matakan a jere, domin yawancin ayyukan da suka watse daga mataki na uku, wato sayen kaya, aka fara su.

1. Gwada yaran tukuna

Kafin ka sayi ko da wayar caji, sai ka san abin da ke damun makarantar da ƙididdiga. Shirya takarda ɗaya mai kashi biyar: haruffa goma, gaɓoɓi irin su ba, ki, tsa, ƙo, sai kalmomi goma, sai gajeren sakin layi mai jimla huɗu, sai ɗan labari. A lissafi kuma gane lambobi daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro, da rabawa. Wannan salon gwaji ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, an kuma fara gwada koyarwar da ke tafiya da shi a Borno a 2018.

Kira yaro shi kaɗai, ku zauna a gindin bishiya ko a ofis ƙofa a buɗe. Fara masa da sakin layi. In ya karanta, hau da shi labari. In ya kasa, sauko kalmomi, har ka iske inda ƙarfinsa ya tsaya. Minti huɗu zuwa biyar sun ishi kowane yaro. Rubuta suna, aji, da matakin da ya tsaya a Google Sheets, ko a KoboCollect wadda ke aiki babu intanet. In waya ta gagara, littafi da biro ma sun wadatar.

Gargaɗi: kada ka ɗauko rubutun gwajin daga littafin aji. Yaranmu gwanayen hadda ne. Za ka ga yaro ya ɗora yatsa a layin farko, idonsa na kallon rufin kwano, yana zubo shafin gaba ɗaya. Rubuta sabo da kanka. Sannan ka duba bugun kafin ka bar shagon buga takardu, saboda masu bugawa da yawa kan zubar da ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ. Ka buga a wayarka da allon rubutu na Gboard, ka zaɓi Hausa, ka kai musu a matsayin PDF yadda ba abin da zai canja.

2. Nemi izini, ka nemi masu mara maka baya

Da sakamakon a hannu za ka shiga ofishin hedimasta. Maganar "yara arba'in cikin sittin ba su wuce haruffa ba" ta fi kama kunne a kan "ina so mu kawo fasahar zamani". Daga nan sai kwamitin kula da makaranta na SBMC, sai wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ta hannun hedimasta. Riƙe kofen da aka buga wa hatimi.

Mai unguwa da liman su ma a kai musu gaisuwa. A ƙauyuka da dama, da an ce an kawo majigi makaranta, abin da iyaye ke ji shi ne an fara nuna wa yara fim. Maganin wannan shi ne su fara gani da idonsu: tara su wata Asabar da hantsi, ka kunna musu darasin haruffa na minti biyar, ka bar su su yi tambaya.

Gargaɗi: kada ka sa wa ɗalibai haraji ko na naira hamsin ne. Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin matakin farko kyauta ne kuma dole ne, ƙorafin uba ɗaya ya isa ya jawo maka takardar tuhuma. Duk gudummawa, daga tsofaffin ɗalibai ko wani mai hali na gari, ta bi ta asusun SBMC ko ƙungiyar iyaye da malamai, da rasiti. Kuɗin makaranta kada ya kwana a asusunka.

3. Sayen kaya, daga ƙasa zuwa sama

Zango na farko ba ya buƙatar komai sai waɗannan: wayarka ta Android, lasifika mai Bluetooth wadda muryarta za ta kai bencin ƙarshe, memori mai girman 32GB ko 64GB, ma'ajiyar caji ta aljihu, ƙaramar makirufo mai maƙalawa a wuyan riga, da abin tsayar da waya mai ƙafa uku. In an haɗa su duka, ban da wayar, ba su kai kuɗin laftof ɗaya ta hannu ba. Yi zango guda cur da su kafin ka nemi wani abu.

Memori na jabu sun cika kasuwa. Sai a rubuta 64GB, ka zuba kaya har wani wuri, washegari fayil ya ƙi buɗewa. Saya a shagon da za ka iya komawa, ka cika shi da bidiyo a ranar, ka buɗe na farko da na ƙarshe.

Zango na biyu ne na laftof da abin haskawa. Laftof ta hannu ta isa, matuƙar tana da RAM 8GB, ma'ajiyar SSD, da kafar HDMI. A wurin saye cire ta daga wuta, ka kunna bidiyo na rabin awa ka ga yadda batir ke sauka, ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. A Kano ana samu a Beirut Road da Farm Centre. Tafi da wanda ya san kan abin.

A kan majigi ina da ra'ayi, kuma ba kowa zai yarda da ni ba: ga ajinmu mai tagogi babu marfi, talabijin mai inci 43 ta fi ƙaramin majigi mai araha amfani nesa ba kusa ba. Majigin da ke haskawa tar a cikin shago mai duhu, da ƙarfe sha ɗaya na rana a aji sai ka ga inuwa kawai a bango. Adadin hasken da ake rubutawa a kwalin masu arahar ba abin dogaro ba ne. In dole sai majigi, ka sa mai shago ya kunna shi a bakin ƙofa da rana tsaka. Talabijin kuwa ba ruwanta da labule, ba ta cin wuta sosai, kuma mafi yawansu na karanta bidiyo kai tsaye daga filas, ba sai da laftof ba.

Ban sa farashi da naira ba da gangan, don kayan nan da dala suke tafiya. Tambayi shaguna uku a rana ɗaya, ka rubuta, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar na jimillar domin abin da kowa ke mantawa: ƙarfen taga da kwaɗo, wayar HDMI ta biyu, kuɗin mota, gyara, da data. Data ba ƙaramin abu ba ce yanzu, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

4. Lissafin wuta

A nan masu haɗa sola ke cin kasuwarsu a kan wanda bai yi lissafi ba. Duba bayan kowace na'ura ko jikin cajarta, akwai adadin wat. A ce laftof 60, talabijin 80, jimilla 140. In za ku yi awa uku a rana, 140 sau 3 ya ba da 420, wato wutar da za ku sha a rana. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗaukar 1,200 (12 sau 100), amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Ya wadatar, har da cajin wayoyin malamai biyu ko uku. Farantin sola mai wat 200 zai cika abin da aka sha a rana ɗaya a irin ranar Arewa. Sai na'urar daidaita caji da ƙaramar inbata, wadda ke ba da wuta mai tsabta irin ta gidan wuta, don mai arahar kan sa caja ta yi zafi.

Batirin litiyam ya fi tsada a farko amma ya fi daɗewa, kuma ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa. In kuɗin ya kai, shi za a saya.

Gargaɗi: ranar da aka jona firji, dutsen guga ko hita, batirin ya kama hanyar mutuwa. Haka in makaranta ta koma wurin cajin unguwa. Rubuta dokar a kwali, hedimasta da shugaban SBMC su sa hannu, a manna kusa da soket. Batir kuma a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, zafin bazara na rage masa kwana. Da hunturu a riƙa goge farantin da tsumma mai laima duk mako, da sassafe kafin ya ɗau zafi.

5. Tara darussan da ba sa buƙatar intanet

Ƙa'idar ita ce a sauke sau ɗaya a gari, a yi ta amfani a ƙauye. Wuraren da suka cancanci wahalarka:

Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da UNICEF da Microsoft a Maris 2022, yana bin tsarin karatun ƙasa kuma kyauta ne. African Storybook da StoryWeaver na da gajerun labaran yara masu hotuna da Hausa, ana sauke su a haska a talabijin ko a buga a takarda. Kiwix na ba ka damar ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a waya ko laftof. Kolibri kuwa, ta ƙungiyar Learning Equality, tana mayar da laftof ɗinka ɗakin karatu: ka sauke darussa, wayoyin da ke kusa su shiga ta Wi-Fi ba tare da data ba. Kolibri ta fi sauran wuyar saitawa, bar ta sai zango na biyu.

Kada ka tara tsibi. Ɗauki jadawalin darussan zangon, ka buɗe jaka ga kowane aji, a ciki jaka ga kowane mako, ka sa abu biyu ko uku kawai. Malamin da ke lalubar fayil a gaban yara saba'in ya riga ya rasa ajin.

Gargaɗi: duk bidiyon da ba ka kalla daga farko har ƙarshe ba, kada ka kunna wa yara. Kuma kada ka buɗe YouTube kai tsaye a aji, ba ka san tallar da za ta faɗo ba. Talla ɗaya marar kyau ta isa ta rushe yardar da ka sha wuya ka samu a mataki na biyu.

6. Naɗi naka darasin

Wannan shi ne zuciyar aikin, don abin da ke intanet da Hausa bai kai ya rufe buƙata ba, kuma yaro ya fi gane muryar da ya saba da ita da karin harshen garinsu.

Darasi ɗaya, abu ɗaya, minti biyar zuwa shida. Yau harafin ƙ da bambancinsa da k. Gobe aro a ɗebewa. Rubuta abin da za ka faɗa a takarda tukuna, da misalai daga abin da yaran ke gani: kuɗin ƙosai, mudun gero, ƙafafun awaki. Wanke allo da ruwa ya bushe, ka yi rubutu manya fiye da yadda ka saba. Kwantar da wayar a kaikaice a kan abin tsayarwa, taga ta kasance a bayan wayar, hasken na faɗa wa allo. In taga na bayanka, baƙi ƙirin za ka fito.

Murya ta fi hoto muhimmanci. Yaro zai jure hoto mai dishi-dishi, amma ba zai jure muryar da iska da kukan injin niƙa suka cinye ba. Maƙala makirufon tazarar tafin hannu daga haɓa, ka yi naɗin bayan an tashi ko da sassafe ranar Asabar. Sa wayar a yanayin jirgi, kada kira ya katse ka a tsakiya. In ka yi tuntuɓen harshe, tsaya, ka maimaita jimlar, daga baya ka yanke da CapCut ko InShot. Ban da kiɗa, ban da rubutu mai tsalle-tsalle.

Abin da ke bambanta darasi da wa'azi shi ne shiru. Bayan ka ce "wace kalma ce wannan?", yi shiru na daƙiƙa biyar kana kallon kyamara, sannan ka ba da amsa. A aji za ka ji yara sun cike wannan gurbin da baki ɗaya.

Fitar da bidiyon a 480p, ya ishi allo da alli, kuma bai da nauyi wajen turawa. Sa masa suna mai ma'ana, kamar Aji3-Hausa-Mako4-HarafinƘ. Sannan ka ciro muryar kaɗai a matsayin MP3, domin gidaje da yawa ƙaramar waya mai madannai gare su, kuma tana karɓar memori. Malamar da ba ta son fuskarta ta fito tana iya ɗora wayar a sama tana kallon takarda, hannu da murya kawai su bayyana. Sau da yawa ma irin wannan ya fi fitowa fes.

Gargaɗi: fuskokin yara da sunayensu kada su fita waje. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta amincewar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Ko da izini ma, ɗora hoton yara a ƙasa cikin yagaggun kaya don a tausaya a ba da tallafi cin mutuncinsu ne. In kana son nuna halin da ake ciki, ɗauki rufin da ya yaye da allon da ya fashe.

7. Yadda za a tafiyar da minti arba'in

Minti biyar na tuna darasin jiya da baki. Minti goma na kallo ko saurare, kana tsayarwa kana tambaya. Minti ashirin na aiki da hannu: rubutu a littafi, a ƙaramin allo, ko a ƙasa da tsinke in babu. Minti biyar na ƙarshe ka zagaya ka duba. In kallo ya fi rubutu tsawo, an juya abin.

Sakamakon mataki na farko a nan yake aiki. Ware awa ɗaya a rana, da yardar hedimasta, a raba yara bisa matakinsu ba bisa ajinsu ba: masu haruffa, masu kalmomi, masu labari. Lasifika ta zauna da rukuni ɗaya tana maimaita musu darasi ƙarƙashin kulawar babban ɗalibi, kai kana tare da waɗanda suka fi rauni. Kada ka sa wa rukunin sunan da zai zama abin tsokana. Sunan launi ko na tsuntsu ya isa.

Ga 'yan sakandare, laftof ɗin ta riƙa zagayawa hannu-hannu. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai ɓata minti goma na farko yana rawar hannu. Yi jadawalin suna, in ba haka ba maza uku masu ƙarfin hali za su mamaye ta, 'yan mata na kallo daga baya.

Gargaɗi: kunna bidiyo a tafi ofis hira shi ne mafi yawan abin da ke kashe wannan aiki. Yara na ganewa cikin mako guda.

8. Kai darasin gida

Buɗe zauren WhatsApp na iyaye, ka saita shi yadda shugabanni kaɗai ke turawa, in ba haka ba cikin kwana uku zai cika da tallar atamfa da rigimar siyasa. Saƙon murya ya fi rubutu, don ba duk iyaye ke karatun boko ba. Sau biyu a mako, bayan sallar isha'i lokacin da maigida ya dawo da wayar. Marasa data su aiko da memori ranar Juma'a a zuba musu, ko a tura ta Xender a bakin makaranta. Wannan na taimakon yaran da damina da kaka ke ɗaukewa zuwa gona, da masu talla ranar kasuwa. Kamar yadda aka ga amfanin darussan rediyo lokacin rufe makarantu a 2020, murya na shiga inda malami ba ya shiga.

Gargaɗi: babu saƙo tsakaninka da ɗalibi kai tsaye, balle ɗaliba. Komai ya bi ta iyaye, kuma a sa malama ɗaya da hedimasta cikin shugabannin zauren.

9. Tsaro da hannu na biyu

Rubuta lambar jikin kowace na'ura a rajistar kayan makaranta, a kuma rubuta sunan makarantar a jikinta da fenti. Ɗakin ajiya ya samu ƙofar ƙarfe, a kuma duba sama, don ɓarayi ta silin suke shiga. Lokacin dogon hutu a kai ƙananan kaya gidan da SBMC ta amince a rubuce. A lulluɓe komai da zane saboda ƙura. Darussan kuwa su zauna a wuri biyu, laftof da filas, ba a jaka ɗaya ba.

Tun zangon farko koya wa malamai biyu duk abin da ka iya, har da lambobin sirri. Canjin wurin aiki ba ya sallama, takarda kawai za ka gani.

10. Sake gwaji, ka mayar da shi hujja

A ƙarshen zango maimaita gwajin farko da sabuwar takarda mai nauyi iri ɗaya. Jera adadin farko da na yanzu gefe da gefe. In rukunin haruffa bai ragu ba, kada ka ƙara na'ura. Duba ko awar rukuni na samuwa kullum, ko yaran na zuwa, ko rubutu ya yi kaɗan. Kada kuma ka gyara adadi don ya yi kyau, jami'in da ya san aiki zai kira yaro biyar ya gwada da kansa.

Rubuta rahoton shafi ɗaya: yadda aka samu yara, abin da aka yi, abin da aka kashe, yadda suke yanzu, da abu guda da ake buƙata. Kai wa sakataren ilimi da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Da irin wannan takarda ake tunkarar asusun USPF na hukumar NCC mai samar wa makarantu kayan kwamfuta, ko ofishin shirin AGILE mai tallafa wa karatun 'yan mata a jihohin da yake aiki irin su Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno in makarantarka sakandare ce. Ita ce kuma za ta yi maka magana ranar da ake neman wanda zai horar da malaman ƙaramar hukuma. Haɗa rahotannin, da zaɓaɓɓun darussanka goma, da takardar rajistarka ta hukumar rajistar malamai TRCN a jaka ɗaya a Google Drive, kana sabuntawa duk zango.

Gargaɗi: da sunanka ya fara fita, saƙonni za su fara shigowa cewa an zaɓi makarantarku za a ba ta kwamfutoci, a biya kuɗin fom ko na dakon kaya, ko a turo lambar BVN. Hukuma ko ƙungiyar gaske ta ofishin ilimi take biyowa da wasiƙa. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin kaya, kai lambarsa ga hedimasta da sakataren ilimi, ka kuma sanar a zauren malamai don kada wani ya faɗa.